Gem ɗin Harbi Tsakanin Iyaye da Yara: Abin Dubawa Kafin a Saya, da Yadda Ake Shirya Zaman

Gem ɗin harbi irin na aked, wato injinan gem na shago da ake jefa wa tsabar kuɗi, tun asali an ƙera shi ne don ya kashe mai wasa da wuri. Lokacin da kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders a Japan a 1978, injin tsaye ne a shago, ana jefa masa tsabar kuɗi kafin ya ba da wasa, kuma mai shago ba ya cin riba sai wanda ke kan injin ya mutu ya sake jefa wata. Da Atari suka kawo Gauntlet a 1985, wanda mutum huɗu ke bugawa lokaci ɗaya, sai suka sa ƙarfin kowa yana raguwa da kansa ko ba a taɓa shi ba, jefa wata tsaba kuma na cika shi da sauri. Ke nan haɗin gwiwar da aka fara sakawa a irin waɗannan wasanni dabarar ninka kuɗin shiga ce. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin uba ɗan shekara 40 da ɗiyarsa 'yar shekara 6 a gaban talabijin ɗaya.

Wannan gadon yana nan a cikin wasannin yau, har waɗanda aka yi wa ado da launuka masu haske da zomaye da kaji. Shi ya sa hoton da ke bayan kwali ba ya gaya wa iyaye abin da suke buƙatar sani. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: me gem ɗin ke yi idan ɗaya ya iya, ɗayan bai iya ba?

Idan yaro ya mutu, sai me?

Yaro zai mutu, kuma sau da yawa. Abin da ke biyo bayan mutuwar shi ke sa ya ci gaba da riƙe hannun gem ko ya ajiye ya fashe da kuka.

Tsohon tsari shi ne na Contra, wanda Konami suka fitar a aked a 1987, ya zo NES, na'urar gem ta gida ta Nintendo, a 1988. Harsashi ɗaya ke kashe mutum, rai uku ake farawa da su. Wanda nasa suka ƙare yana iya danna maɓalli ya ɗauki rai daga na abokinsa. A tsakanin manya biyu wannan abin raha ne. A tsakanin uba da yaro kuwa, cikin mintuna kaɗan yaron ya cinye nasa ya cinye na uban, wasa ya ƙare, kuma ya san shi ne sila. Sanannen sirrin nan na NES (sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sannan Select da Start idan mutum biyu ne) yana ba kowa rai 30, yana rage zafin abin, amma bai canza tsarin ba.

Cuphead na 2017 yana yaudarar iyaye fiye da kowanne, domin zanensa irin na katun ɗin Amurka na shekarun 1930 ne. Kowa na farawa da ikon ɗaukar duka uku kacal. Idan ɗaya ya faɗi, fatalwarsa na tashi sama a hankali, sai abokinsa ya yi tsalle ya buge ta daidai lokaci kafin ta fice daga allo, alhali bos, wato babban abokin gaba na mataki, na ci gaba da ruwan harsasai. Shigowar mutum na biyu kuma tana sa bos ya fi jimirin duka, don haka yaron da ba ya samun sa da harbi ya ƙara wa uban aiki ne kawai. Akwai matakin sauƙi mai suna Simple, sai dai ba ya kai mutum ƙarshen wasan. Ga ƙaramin yaro, wannan ba wurin farawa ba ne.

Tsarin da ya fi dacewa da gida shi ne wanda mutuwar ɗaya ba ta cin dukiyar ɗayan. A Jamestown na 2011, wanda mutum huɗu ke iya bugawa, muddin ɗaya na raye sauran za su dawo bayan ɗan jira, ba a asarar rai sai kowa ya faɗi lokaci guda. Aikin babba a nan ya fito fili: ya tsira, ya ja lokaci, yara su dawo. Matsalarsa ɗaya ce, matakan ƙarshe ba sa buɗewa sai an ci na baya a kan wahalar da ta fi ta farko, to iyali kan tsaya cik a tsakiya.

Assault Android Cactus, wanda kamfanin Witch Beam na Ostareliya ya fitar a 2015, ya bi wata hanya da ta fi wayo. Babu lissafin rayuka sam. Wanda aka doke yana faɗuwa, ya daddanna maɓalli ya miƙe. Abin da ke ƙare wasa batir ne guda ɗaya na kowa da kowa, yana raguwa a hankali, kuma ana cika shi da batir ɗin da abokan gaba ke yarwa idan an kashe su da yawa. Yaro na iya faɗuwa sau goma, in dai babba na kashewa da sauri, ana ci gaba. Wasannin Lego Star Wars, tun daga na farko a 2005, sun fi kowa sassauci: mutum ya tarwatse, ya rasa wasu 'yan kuɗin da ya tara, ya dawo nan take, ba iyaka. Mutum na biyu na shiga ya fita a tsakiyar mataki ba tare da an sake farawa ba, abin da duk mai yaron da ake aike ko ake kira cin abinci zai yaba.

Allo ɗaya, mutum biyu

Abu na biyu da ke haddasa rigima shi ne wa allo ke bi. A mataki na uku na Contra, inda ake hawa gefen ruwa mai zubowa, allo na bin wanda ke gaba. Idan babba ya yi tsalle sama da sauri, wanda ke ƙasa ya fita daga allo ya mutu ba tare da harsashi ya taɓa shi ba. Duk gem ɗin da allonsa ke bin mai sauri yana da irin wannan haɗarin.

Mafi aminci shi ne allon da ba ya motsi, ko wanda ke tafiya da kansa. Battle City na Namco, na 1985, wanda da yawa daga cikin waɗanda suka tashi da kaset mai wasanni barkatai suka sani da sunan gem ɗin tanka, misali ne mai kyau har gobe. Fili ɗaya ne ana ganinsa duka, tankokin abokan gaba 20 a kowane mataki, suna fitowa ta wurare uku a sama, ga gaggafa a ƙasa cikin katangar bulo wadda dole a kare. Rabon aiki a bayyane yake: babba ya hau sama ya tare mafita, yaro ya tsaya gadin gaggafa. Sai dai a ja masa kunne tun farko kada ya juya bakin bindiga wajen gidan, domin harsashinsa na fasa bulo, kuma idan ya sami gaggafar wasa ya ƙare nan take. Harbin abokin wasa ba ya kisa, yana daskarar da shi ne na ɗan lokaci, wanda ya isa tankar abokan gaba ta gama da shi.

Raba allo gida biyu yana warware matsalar ja-in-ja, amma kowa rabin hoto yake samu, rubutu ya ƙanƙance, kuma a ƙaramar talabijin idon yaro na yawan zamewa ya koma kallon ɓangaren babansa yana zaton nasa ne. Irin wannan ruɗanin na faruwa ko a allo ɗaya idan jirage sun yi kama. A ba yaro launin da ya fi fita daban, kuma kada a riƙa canza masa.

Akwai kuma wasannin da ake tallata haɗin gwiwarsu amma ba a na'ura ɗaya ba. Splatoon 3 na 2022 harbin fenti ne, babu jini, yana da sashen Salmon Run na mutum huɗu, amma ba ya raba allo: kowane ɗan wasa sai da tasa Switch ɗin da nasa kwafin. Plants vs. Zombies: Garden Warfare kuwa yana raba allo a PS4 da Xbox One, sai dai ba ya tashi idan babu intanet. Kalmomin da za a nema a shafin sayarwa su ne Local Co-op ko Shared/Split Screen. Idan Online Co-op kaɗai aka rubuta, ba na zaman falo ɗaya ba ne.

Abin da yatsun yaro za su iya

Wasannin harbi sun kasu uku ta fuskar sarrafawa, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Na farko, jirgi na harbi gaba kawai, aikin mutum shi ne matsawa hagu da dama da riƙe maɓalli ɗaya: TwinBee, gem mai suna 1943, Sky Force Reloaded, Chicken Invaders. Na biyu, analog ɗin hagu (ƙaramin sandan da ake juyawa da babban yatsa a hannun gem) na tafiya, na dama na saita bindiga, tsarin da Robotron: 2084 ya shahara da shi tun 1982. Na uku, duniya mai zurfi inda analog ɗin dama ke juya kyamara. Yaron da bai saba ba, a na uku za a gan shi yana kallon sama ko ƙasa yana zagaye wuri ɗaya. A fara da na farko, a daɗe a kansa, sannan a matsa.

Wasu wasannin sun tanadi tsani. A Assault Android Cactus akwai wata mai suna Holly wadda harsasanta ke bin abokan gaba da kansu, ita ya kamata a ba yaro. Bugun Switch na 2019 ya ƙara taimakon saiti don a iya wasa da Joy-Con ɗaya, wato ɗaya daga ƙananan hannayen Switch guda biyu. A Chicken Invaders kuwa, daga kashi na uku zuwa sama, riƙe maɓallin harbi ba sassauci na sa bindiga ta yi zafi ta tsaya na ɗan lokaci, yara kuma riƙewa suke yi. A nuna musu ma'aunin zafin a saman allo, a koya musu sakewa kafin ya cika.

Mafi kyawun tunani a wannan fanni, a ganina, ya fito ne tun 1993 a Pop'n TwinBee na Super Nintendo. Konami sun saka wani zaɓi mai suna Couple Mode, inda abokan gaba ke karkata yawancin harbinsu ga ɗan wasa na ɗaya. Babba ya ɗauki hannu na ɗaya ya sha wutar, yaro ya yi ta harbi cikin sarari, kuma ba abin da ke bayyana a allo da zai nuna masa ana rangwanta masa. Jiragen suna da ma'aunin ƙarfi maimakon mutuwa da harsashi ɗaya, kuma ɗaya na iya ba ɗayan daga nasa. Yana cikin tarin wasannin Super Nintendo na masu rajistar Nintendo Switch Online. Abin mamaki ne yadda wasannin da suka zo bayansa kaɗan ne suka kwaikwayi wannan dabarar.

Lovers in a Dangerous Spacetime na 2015 ya warware matsalar ta wata fuska. Sunan kan sa wasu iyaye ja da baya, amma labarin ceto zomaye ne da wasu ƙananan halittu a sararin samaniya. Jirgi ɗaya ne kewayayye, mutum har huɗu na yawo a cikinsa ta tsani, kowa ya kama tasha: bindigogi huɗu a kusurwa huɗu, inji, garkuwa, taswira, da babbar bindiga mai ɗaukar lokaci kafin ta sake cika. Ba wanda ke mutuwa shi kaɗai, jirgin ne ke da ƙarfi ɗaya na kowa. Babba ya riƙe inji, domin tuƙi ne ke jefa jirgi cikin bala'i ko ya fitar da shi. Ƙaramin yaro ya zauna kan bindiga ɗaya kada ya tashi. Garkuwa ta yaron da ya fi girma ce, tunda tana buƙatar a hango inda hari zai fito a juya ta can kafin ya iso. Inda ake samun matsala shi ne mutum biyu kawai: tashoshi sun fi hannaye yawa, babba na gudu tsakanin inji da garkuwa, umarni ya koma tsawa. Da mutum uku ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Idan yaro na son gem ɗin da ya fi ƙarfinsa, Xbox na da tsarin da ke haɗa hannu biyu su zama ɗaya, wanda aka fara kira Copilot a 2017, yanzu Controller Assist. PS5 ta sami irinsa a 2023 a ƙarƙashin Accessibility. Yaro na harbi, babba na gyara tafiya ta ɗaya hannun a ɓoye.

Rabon kyaututtukan ƙarin ƙarfi ma sai an yi masa doka. Wanda ya iya shi ke riga kaiwa, bindigarsa ta ƙara ƙarfi, ya kashe komai kafin harsashin yaro ya isa, yaro ya zama ɗan kallo da hannun gem a hannu. A bar wa yaro garkuwa da ƙarin rai, a riƙa karɓa-karɓa a kan bindigogi.

Tambarin shekaru da abin da ba ya faɗa

Hukumar ESRB ta Amurka, wadda aka kafa a 1994, na amfani da E ga kowa, E10+ daga shekara 10, T daga 13, M daga 17. PEGI ta Turai, tun 2003, na sa lamba: 3, 7, 12, 16, 18, tare da ƙananan hotuna, dunƙulen hannu don faɗa, gizo-gizo don tsoratarwa, ɗan lido don caca, hannu riƙe da katin banki don saye a cikin gem. Dukansu abin da ake gani da ji suke aunawa, ba wahalar wasa ba, kuma da ma'aunin al'adar ƙasashensu. Cuphead E10+ ne, alhali labarinsa na yara biyu ne da suka yi caca a gidan Shaiɗan suka faɗi, ga sigari da giya a cikin zanen. Gidaje da yawa ba za su so wannan ba ko yaro ya kai 10. Metal Slug na 1996 ma zanensa na barkwanci ne, amma sojoji mutane ake harbi, ana ƙona su, kuma a wasu bugun akwai jini. Minti goma na kallon bidiyon wasan a YouTube, daga tsakiyarsa ba farkonsa ba, sun fi tambarin amfani. A duba me ake harbi: injina, kaji da siffofi daban suke da mutane.

Rubutun Users Interact na nufin baƙi za su iya magana da yaro ta intanet. In-Game Purchases na nufin akwai saye, idan kuma an ƙara Includes Random Items, to ana biyan kuɗi ne ba a san abin da zai fito ba. A buɗe wa yaro asusun yara a ƙarƙashin na babba, a bar iyakar kashe kuɗi a sifili, a rufe hira. Wasan falo ɗaya ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Kayan aiki, da inda suke ba da kunya

PS4 da PS5 na ɗaukar hannu huɗu, Switch da Xbox takwas. Hannun PS4 na aiki a PS5 ne kawai idan gem ɗin na PS4 ne, amma na Xbox One na aiki a Series X da S kai tsaye. Joy-Con ɗaya a kwance analog ɗaya gare shi, don haka gem mai buƙatar analog biyu zai nemi cikakken hannu ga kowa, sai in an tanadi taimakon saiti. Switch Lite ba ta haɗuwa da talabijin ko kaɗan. Wanda ya saye ta don wasan iyali ya yi kuskuren saye.

A kwamfuta, mutum biyu a kan kibod ɗaya na jawo wata matsala da ake ɗora wa yaro laifinta a banza. Kibod mai araha ba ya iya karanta wasu maɓallai uku ko huɗu idan an danne su tare, sai jirgin ɗaya ya ƙi motsi daidai lokacin da ɗayan ke harbi. Maganinsa hannu ɗaya na USB ga ɗayansu. Hannaye marasa suna da yawa na magana da tsohon tsarin DirectInput, sabbin wasanni kuma XInput suke ji, shi ya sa kwamfuta ke ganin hannun amma gem bai gan shi ba, ko maɓallai su hautsine. Kunna tallafin hannaye a saitin Steam, manhajar sayen gem da bugawa a kwamfuta, kan gyara wannan.

Talabijin ta zamani na sarrafa hoto kafin ta nuna shi, abin da ke kawo jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi. Gem mai hoto 60 a daƙiƙa na sauya hoto duk bayan kusan milisakan 17, jinkirin hotuna biyar ko shida kuwa ya isa a ce an kauce amma harsashi ya samu. A shiga saitin hoto a kunna Game Mode. Wannan jinkirin na cikin dalilan da bindigar Duck Hunt, tsohon gem ɗin harbin agwagwa na NES, ba ta aiki a talabijin mai faɗi: tana dogara ne da allo ya yi baƙi na ƙiftawar ido, farin akwati ya bayyana a kan agwagwa daidai lokacin da na'ura ke sauraro, abin da tsohuwar talabijin mai ƙeya kaɗai ke yi a kan kari.

Inda wuta ba ta tsayawa, lissafin ya bambanta. PS5 na jan kusan wat 200 lokacin wasa, Switch ƙasa da 20, kuma tana da batir, idan an ɗauke wuta sai a zare ta daga mazauninta a ci gaba a ƙaramin allo. PS4 da PS5 idan wuta ta yanke musu a tsakiyar adanawa na iya lalata abin da aka adana, don haka ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, da zai ba da mintunan kashewa a tsanake ya cancanci kuɗinsa. Ta fuskar data, tsofaffin wasannin aked da ƙananan wasanni masu zaman kansu ba su da nauyi, saɓanin manyan wasanni masu cin gomman gigabait. Capcom Arcade Stadium na 2021 na ba da 1943 kyauta, yana barin a rage gudun wasa, a mayar da lokaci baya idan an yi kuskure, a kuma zuba tsabar ƙarya iya son rai, abin da ya cire haƙoran tsarin aked gaba ɗaya.

Zaman farko

Babba ya buga matakin farko shi kaɗai tukuna, ya san maɓallai, ya sauke wahala zuwa mafi sauƙi, ya kunna harbi mai sarrafa kansa idan akwai, ya rage girgizar allo da walƙiya a saiti. A koya wa yaro abu biyu kawai, motsi da harbi. Bam da sauya makami su jira wani zaman. Umarni ya zama gajere kuma na wuri: "koma ƙasa", "zo bayana". Kalmar "kauce" ba ta da amfani, domin kafin ya gane me zai kauce wa an riga an same shi. Kuskuren da yara suka fi yi shi ne kallon abin da suke harbi maimakon jirginsu, sai a riƙa tuna musu ido na kan jirgi.

Matakan irin waɗannan wasanni gajeru ne, to a yanke yarjejeniya da adadin matakai maimakon agogo, misali uku a tashi, don kada lokaci ya cika ana tsakiyar faɗa da bos. Manhajar Nintendo Switch Parental Controls a waya na iya yin gargaɗi kawai ko ta dakatar da gem idan lokaci ya cika; ga wasan da babba ke ciki, gargaɗin ya wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada yara 'yan shekara 2 zuwa 4 su wuce awa ɗaya a rana zaune gaban allo, kuma waɗannan ma ba su kai riƙe irin wannan gem ba tukuna.

Wasannin harbi na cikin masu yawan walƙiya. Wasu masu farfaɗiya haske mai ƙyaftawa da sauri na tayar musu da ita, kuma akwai yaran da ba a san suna da wannan ba sai ranar da ta faru. A bar fitilar ɗaki a kunne, a zauna nesa da allo. Idan aka ga idon yaro na fizga, ko ya yi zuru ba ya amsa kira, ko ya ce kansa na juyawa, a kashe talabijin nan take, a kai shi wurin likita kafin a sake kunna masa.